Ranar da Na Yi wa Jitar Ango Jana'iza

Ba zan taɓa mantawa da safiyar Asabar ɗin auren Bitrus ba, ko da yake na so ƙwarai in manta. Bitrus maƙwabcina ne a unguwar Asata da ke Enugu, mutumin Kudancin Kaduna, malamin makaranta. Ni kuwa gyaran rediyo da lasifika nake yi, kuma a lokacin ban daɗe da sayen sabuwar mitar awon lantarki ba, wadda nake yawo da ita a aljihu kamar likita da abin awon zuciya.

Wajen ƙarfe tara ya kira ni. Ya yi wata uku yana haɗa waƙar da zai yi wa amaryarsa da jitarsa ta lantarki, ga shi saura awa biyu a shiga coci, jitar ta yi shiru. Na ce ya kwantar da hankalinsa. (Ban taɓa riƙe jita ba a rayuwata, amma ban ga dalilin faɗa masa ba.) Na hau keke sai Abakpa Nike, inda cocin yake.

Na tarar da zauren taron cocin cike da 'yan ƙungiyar mawaƙa da matan zumunta cikin anko. Aka buɗe mini hanya. Wani ma ya ce, "Injiniya don come," wato injiniya ya iso. Na ji kaina ya ƙara girma.

Na karɓi jitar, na murɗe maɓallin muryarta ƙasa gaba ɗaya, kamar yadda hannuna ya saba yi wa kowace rediyo kafin in taɓa ta. Sannan na yi musu ɗan darasi: wannan abin da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi, wanda makaɗa ke kira fikof, maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar waya, shi ke ɗaukar sauti. In yana da lafiya, mita za ta nuna dubban om, wato ma'aunin da take ƙirgawa da shi. Na samo guntuwar waya daga jakata na soka a jitar, na ɗora tsinkayen mita, ja da baƙi, a bakinta.

Sifili.

Na sake gwadawa. Sifili. Na girgiza kai a hankali, yadda kowa zai gani.

"Bitrus, sai haƙuri. Fikof ya ƙone. Sabo kuma sai an je Onitsha."

Ya zauna a kan benci da kwat ɗinsa, ya dafe kai. Ni kuma na ci gaba da bayanin yadda danshin Enugu ke cinye waya, har da nuni da sukuddireba.

Sai Mama Saratu, shugabar matan zumunta, wadda ta kusa shekara saba'in, ta matso da gwaggwaronta.

"Ɗana, ni ban san aikinku ba. Amma wannan abin da ka murɗe da ka shigo, ba sai an buɗe shi ba?"

Na yi murmushin masana. Na ce, "Mama, wannan ba ruwansa da awo." Don in nuna mata, na murɗa shi sama, tsinkayen na nan a wurinsu.

Mita ta tashi: dubu bakwai da 'yan kai. Lafiyayyen fikof, garau. Ni ne na rufe masa baki, sannan na tsaya ina sanar da rasuwarsa.

Wata daga baya ta kasa riƙe dariyarta, sauran suka bi. Gumi ya jiƙa mini hula. Da ƙyar na tuna in auna doguwar wayar da ke zuwa lasifika, kuma nan matsalar take, ta tsinke daga ciki. Na ba su wata daga jakata, na ɗan ƙwanƙwasa fikof da sukuddireba, lasifika ta amsa tuk, tuk.

Bitrus ya yi waƙarsa, amarya ta yi hawaye, ni kuma aka cika mini faranti da shinkafa. Mama Saratu da kanta ta ƙara mini nama, ta ce, "Ci, ɗana, ka sha aiki."

Har yau ina gyara, kuma jitoci sun fara zuwa shagona. Sai dai kafin in ce wani abu ya mutu, nakan duba tukuna ko ni ne na kashe shi.