Rigar Kwanon da Na Ƙera wa Rautar Surukina

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗan Usman, ƙanin matata, ba. Ni maƙerin kwano ne a kasuwar Gadarif: akwatuna, murhun gawayi, mazurari, duk abin da ake lanƙwasawa a liƙe da dalma. Shekara ashirin ina wannan aiki, kuma (ga cutar tawa) duk abin da ba a yi da ƙarfe ba, wasan yara nake ɗaukarsa.

Usman yana aiki a Saudiyya. Matarsa ta haifi ɗansu na fari a gidan surukaina, wani ƙauye wajen Simsim inda sai mutum ya hau tudu yake samun shabaka, wato sabis ɗin waya. Burinsa ɗaya ne, ya ga raɗin sunan ta bidiyo, ya ji sunan ɗansa da kunnensa. Tun kafin haihuwa ya aiko da rauta, wato na'urar da ke kamo shabaka ta raba wa wayoyi, da wani farin akwatin roba mai eriya a ciki, wanda ake saka rautar a rufe, a ɗaure a kan dogon ƙarfe a waje. Aka rasa mai haɗawa. Wa zai yi karambani in ba ni ba? Na ce wa Alhaji surukina, uban matata, ya kwantar da hankalinsa, ai duk sana'armu ce.

Da na ɗaga akwatin na ji shi sakayau, sai raini ya kama ni. Roba, a wannan ranar tamu da ruwan daminarmu? Kwana biyu na yi a shago ina ƙera masa rigar kwano mai kauri. Na liƙe kowace kusurwa, ƴar kafar da waya za ta bi kawai na bari, har rufi mai tudu na yi masa, na shafa koren fenti. Maƙwabtana a kasuwa suka yi ta yabawa, ni kuwa kai sai ƙara kumbura yake.

Jajiberin suna na hau tsani da rautar a hannu na gwada, ta kama tsaf. Sai na saka ta a cikin robar, na saka robar a cikin kwanon, na liƙe murfin da dalma, na ɗaure a sama, na ja waya zuwa batirin sola. Ban sake gwadawa ba (wai ni gwani), na sauka na tafi shan shayi.

Da safe rumfa ta cika: liman, dattawa, ma'aikatan gonakin riɗi, ga rago a ɗaure. Alhaji ya riƙe waya yana jiran kiran ɗansa. Shiru. Na hau tsani na juya ƙarfen gabas, na juya yamma. Na zagi kamfanin waya, na ɗora wa hadari laifi alhali sama fes take. Muka shafe kusan awa guda a haka, ga liman yana da wani sunan a ƙauyen gaba. Alhaji ya ajiye wayar a hankali ya ce a ci gaba. Ina can sama ina haɗa gumi aka yi addu'a, aka faɗi suna, aka yanka rago.

Hajiya surukata, wadda shekara goma sha huɗu ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba saboda kunya, ta ɗaga murya daga bayan zana, wai da matata take:

"Sa'adiyya, ki tambayi maigidanki. Ni dai in na shiga ɗakin zinki, talifon ɗina mutuwa yake yi, sai na fito fili. To shi wannan da aka kulle a zinki, shabaka ta ina za ta same shi?"

Kowa a rumfar ya ɗaga kai yana kallona. Wallahi na so ƙasa ta tsage, amma ƙasar ma ta yi mini nisa. Na roƙi a miƙo mini almakashin kwano, na shiga yanke aikin hannuna. Ban liƙe shi da wasa ba, don haka sai da na sha wuya, kuma Alhaji da kansa ne ya zo ya riƙe mini tsanin.

Kwanon na faɗuwa ƙasa, waya ta yi ƙara. Usman ne, cikin sabuwar jallabiya, tun asuba yake zaune yana jira. Abin da ya tarar shi ne ana feɗe rago. Ya tambayi sunan, aka gaya masa Abubakar. Da ya ji labarin abin da ya faru, sai ya ce a ba ni wayar.

"Ma'alesh, Yaya, ba komai. Allah ya saka maka da wahalarka."

Da zagina ya yi da na fi jin sauƙi.

Tun daga ranar, duk kayan da ya zo da nasa akwatin ba na ƙara masa ko ƙusa, kuma in zan taɓa abin da ban sani ba, sai na fara aika Sa'adiyya ta tambayo Hajiya. Abubakar yanzu shekararsa uku. Duk sanda na kira shi, sai na tuna na riga ubansa jin sunan nan, ina saman tsani.