Yadda Za Ki Sa Edita Ya Zaɓi Haruffan Da Kike So

Ke da aka ɗora wa tsara sabuwar mujalla, kuma karon farko ke nan da za a buga sunanki a shafin ciki, matso kusa. Na san kin riga kin hango haruffan da suka kwanta miki a rai: sirara, masu 'yan ƙafafu a ƙasa, masu kamun kai, waɗanda ido ke bi layi bayan layi ba gajiya. Matsalarki Edita, bawan Allahn da bai taɓa karɓar shawarar da ba daga bakinsa ta fito ba. Bi matakan nan, na ba ki tabbaci da hannunsa zai zaɓa miki su.

1. Ɓoye son da kike musu

Kada ki kuskura ki ce “waɗannan sun fi kyau”. Duk abin da kika yaba a gaban Edita, ki yi masa bankwana. Ɗaure fuska kawai.

2. Nemo musu 'yan rakiya

Buga shafi guda iri uku. Na farko da haruffa masu lanƙwasa irin na katin gayyata, waɗanda sai an karkata kai ake karantawa. Naki a tsakiya. Na ƙarshe ki tono mafi muni a kwamfutar, masu kauri, ƙafafunsu kamar na tebur. Masana sun tabbatar mutum na tsakiya yake ɗauka. Kada ki tambaye ni waɗanne masana.

3. Fasa masa kai

Jera takardun a gabansa, ki ja da baya, ki ce, “Yallaɓai, mu idonmu ya gaji. Ido irin naka ake nema a nan.”

4. Kama bakinki

Zai cire tabarau, ya goge, ya mayar. Zai kai takarda bakin taga, ya kawo ta kusa da hanci. Ko numfashi mai ƙarfi kada ki yi.

5. Idan ya ɗora yatsa a kan masu ƙafar tebur

Yana faruwa. Zai ce, “Kin ga wannan? Ko daga bakin ƙofa ana karanta shi. Ashe kina da ido, 'yata!” Haɗiye kukan, ki ce, “Ni ma shi raina ya ba ni, Yallaɓai.” Don jin daɗi zai sa a ƙara wa sunanki girma, da waɗannan haruffan masu ƙafar tebur.

Gargaɗi: idan mahaifiyarki ta sayi mujallar tuli ta raba wa dangi, kuma daga yau duk mai neman a tsara masa kati sai ya ce “irin rubutun nan naki nake so”, babu hannuna a ciki. Ni cewa na yi ki nemo mafi muni, ban ce ki iya nema haka ba.