Turakun Burgu

A wani daji akwai tudu ɗaya tak da ruwa ba ya ci, duk masu kwana a rami nan suke zama. Doka mai sauƙi ce. In kana son rami, Dabgi maginin tudu ya ba ka, ka kafa turkenka a baki. In ka gama, ka tuge turken da hannunka. Ba mai tuge na wani, tun shekarar da aka tuge wani turke bisa zato, aka sa Zomo a ramin da Kumurci bai bari ba.

Kafawa kowa ya iya. Tugewa ce aiki. Mai goro uku sai ya karɓi rami don ajiya, ya cinye goron, ya manta hanya, gobe ya nemi sabo. Sannu a hankali tudu ya cika da turaku, ramuka kuwa sai iska.

Hadari ya haɗo, ga Beguwa da tsohon ciki, ba wurin haihuwa. Aka kira majalisa.

Burgu, shugaban majalisa, ya gyara murya. "'Yan'uwa, tudu ya yi mana kaɗan. Malam Dabgi, a ƙara haƙa."

Dabgi ya ce, "Ranka ya daɗe, ba zan haƙa ba. Bara na haƙa, bana ina suke? Rariya ake ba ni in cika da ruwa. Ƙarƙashin tudun nan ya zama saƙar zuma, in na ƙara kai farce da mu zai rufta. Rabin turakun nan naka ne. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa."

"Ai na manta inda suke."

"Wanda ya ɗaure akuya shi ke kwance ta."

Burgu ya ce za a kafa kwamiti. Kwamitin ma ya nemi ramin zama.

Da yayyafi ya fara, Beguwa ta ja ciki ta shige ramin da Burgu ke kwana, ta juya baya, ta baza ƙayoyi a ƙofa.

Burgu ya ce, "Baiwar Allah, akwai turke a nan!"

"Na gani, ranka ya daɗe, ban taɓa shi ba. In doka ta ce a fitar da ni, bismilla, sa hannu."

Aka duba, ba wanda hannunsa ke ƙaiƙayi. Nan ta haifi 'ya'yanta biyu, ruwa na dukan shugaba a waje.

Kafin la'asar Burgu ya tuna ramuka goma sha ɗaya, ya tuge turaku goma. Har yau bokayen dajin ba su sa ruwan sama cikin magungunan mantuwa ba.