Amanar Kande

Ba zan taɓa mantawa da makon da Mama Rifkatu ta ba ni amanar magenta ba, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta.

Mama Rifkatu maƙwabciyata ce a Barnawa, katanga ɗaya ta raba mu, tsohuwar nas ce da ta yi ritaya. Magen kuwa sunanta Kande. Mijinta marigayi ne ya tsinto ta tana 'yar mitsitsiya, kuma tun da ya rasu ita ce abokiyar hirar Mama a gidan. Da bikin jikarta ya taso a Kafanchan ta rasa wanda za ta bar wa, sai na kai kaina. Na ce mata ai a Tudun Wada na tashi, inda kowane lungu da magensa, babu abin da za a koya mini. (Gaskiyar magana, iyakar abin da ya taɓa haɗa ni da mage a Tudun Wada shi ne in daka mata tsawa idan ta doshi tukunya.)

Ranar tafiyar ta kawo ta a cikin kwando, ta tsayar da ni kamar sabon ɗalibi a asibiti. A sauya mata ruwa kullum da safe. A cire ƙayar busasshen kifi kafin a cuɗa mata da shinkafa, ba barkono, ba albasa. Kada a ba ta madara, ɓata mata ciki take yi. Ga faranti da yashi, a nan take bayan gida, a kwashe kullum.

"Sannan ka rufe tagogi, ɗana," in ji ta. "Kuma ka tsaya ka dube ta da kyau, ka san ta."

Na ce, "Haba Mama, mage ai mage ce."

Washegari na bar tagar kicin a buɗe na tafi ofis. Da na dawo babu Kande, babu alamarta. Na bi layi ina ƙwala kiran "Kande! Kande!" har wani mai keke ya rage gudu ya ce in yi haƙuri, mata sai a hankali. Can bayan shagon Malam Sabo mai injin niƙa na hango ta kwance a kan buhu, ruwan toka mai ratsi-ratsi, sak wadda aka kawo mini. Na lulluɓe ta da tawul na yo gida da ita, ta yi mini zane a hannu har uku.

Daga ranar halinta ya sauya. Ba ta amsa sunanta. Farantin yashi ko kallonsa ba ta yi, kujerar falona ta zaɓa, da wani irin zarni mai hawa kai. Abinci kuwa na kwana uku take tashi da shi a zama ɗaya. Ni da na san mage, na ce kewar uwar ɗakinta ce. Da Mama ta bugo waya tana tambaya ko tana cin abinci, na ce, "Mama, har ta yi ƙiba."

Abu ɗaya ya dame ni a kwanakin nan. Wata magen titi ta tsiro da zuwa ƙofar baya kullum da yamma, tana kuka tana karce ƙofa. Na san kifin Kande ta jiyo. Ranar farko na kore ta da tsawa, ta biyu na watsa mata ruwa, ta uku na jefe ta da silifa tana kan katanga. Silifar ta faɗa gidan Mama, magen ta bi ta.

Ranar Asabar da la'asar Mama ta sauka daga keke tare da wasu mata biyu 'yan cocinsu. Malam Sabo ma ya tsallako yi mata sannu da zuwa. Na fito da kwando ina murmushi, na ajiye a gabanta. Ta buɗe. Ta ciro tabarau daga jaka ta saka, ta ɗaga wutsiyar magen.

"Malam," (ta daina ce mini ɗana ke nan) "wannan ai muzuru ne."

Malam Sabo ya leƙo. "La ilaha illallahu! Ashe kai ne! Kwana biyar ina neman sa, ɓeraye sun gama da masarar mutane!"

Ana cikin haka sai ga magen titin nan ta diro daga katanga, a rame, ta nufi Mama tana goga jiki a ƙafarta. A lokacin na ga ɗan tsagun da ke kunnenta na hagu, wanda makaho ma zai iya shafawa ya gane. Mama ta durƙusa ta rungume ta, idonta ya ciko. Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba. Na matso in shafa ta don a ga muna shiri, ta yi mini huci ta shige cikin mayafin Mama.

"Me ka yi mata?"

"Wallahi ba komai, Mama."

Ta buɗe ƙofar gidanta ta shiga. Minti ɗaya bai cika ba ta fito, ta miƙo mini silifata ƙafa ɗaya a gaban kowa.

Kande ta murmure cikin mako biyu. Mama ta yafe mini, amma yanzu idan za ta yi tafiya Malam Sabo take kai wa kwandon, ni kuma an bar mini ban ruwan fulawa. Abin da na koya bai da yawa: idan aka ce ka tsaya ka dubi abu da kyau, ka tsaya ka duba ɗin. Fulawar ma sai da na ɗauki hotonta a waya kafin na karɓa.