Ba A Faɗa Wa Na'ura Ta Daina Ba

Jiya da safe na shiga lambuna a fadamar Danchadi, ƙafata ta nutse har ƙauri. A cikin albasa fa, jama'a, albasar da ganyenta ya kwanta, wadda nake shirin cirewa in kai kasuwar Boɗinga. Na tono ɗaya na matsa, ruwa ya tsarto mini a riga. Raina ya ɓaci matuƙa, domin ita ce cefanen gidana har damina.

Ga yadda aka yi. Bara manyanmu, Allah ya ƙara musu hangen nesa, suka ce ban ruwa da hannu ƙauyanci ne. Aka kawo mana famfo mai aiki da hasken rana, aka haɗa shi da wata na'ura mai basira da za ta riƙa kunnawa da kashewa. Ita wannan baiwar Allah ba ta taɓa ganin albasa ba. Abin da aka rubuta mata game da famfon shi kaɗai ta sani. Don haka aka kafa kwamitin tantance ingancin bayanin, aka sa ni ciki a matsayin wakilin manoma, wato mai tafi.

Mun zauna a Shagari, an ci kaji. Wani ƙwararre daga birni ya karanta mana bayanin. Shafin farko godiya ce ga Mai Girma Uban Ci Gaba. Na biyu tarihin ruwa ne tun daga ruwan ɗufana. Can a ƙarshe aka zo kan aiki: "Wannan makunni na famfo ne. A yi amfani da shi yadda ya dace."

Maƙwabcina Mijinyawa, wanda ya biyo ni saboda kajin, ya ɗaga hannu.

"Ranka shi daɗe, to ina wurin da anka hwaɗa mata ta daina? Albasa in ta kai, yanke mata ruwa a kai."

Shugaban kwamiti ya dube shi ta saman tabarau.

"Haba Mijinyawa! Wanga abu ai kowa ya san shi. Kuma na'urag ga baƙuwar manya ta. Kai ka taɓa ganin an ce ma baƙo yi kaza, bar kaza? Ina tarbiyya?"

Kowa ya jinjina kai. Gaskiya ne, a wurinmu ba a yi wa baƙo umarni. Ajiye masa akushi ake yi a kau da kai. Sai muka shiga ba da maki. An duba kyawun bango, an duba ko an jera sunayen manya bisa girmansu, har wani ya ɗaga takardar yana auna nauyinta a tafin hannu, ya ce lalle an yi aiki. Na ce ko za a gwada, a miƙa wa wanda bai taɓa noma ba ya karanta, mu gani ko zai iya shayar da lambu da shi. Aka ce lokacin salla ya yi.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ita na'urar ta tambaya. Ranar da aka ƙaddamar da ita ta rubuto a allo: "Ban ga inda aka ce yaushe zan tsayar da ruwa ba. Kuma lambun wa zan fara?" Mai Girma ya yi murmushi, ya ce kun ji ladabi, har tana neman shawara. Aka yi tafi, aka ɗauki hoto, aka watse. Babu wanda ya ba ta amsa.

To, ba a ce ta daina ba, ba ta daina ba. Ni kuwa zazzaɓi ya kwantar da ni 'yan kwanaki, kafin in tashi ta gama da ni.

Na kwashi ruɓaɓɓiyar albasa a buhu na kai wa shugaban kwamiti. Ya toshe hanci ya saurare ni. Na ce layi ɗaya tak nake roƙo a ƙara: idan ganye ya kwanta, a kashe famfo.

"Malam, bayanin nan ya ci lambar yabo," in ji shi. "An sa shi gilashi, shina rataye ohis. Kana so mu hwasa gilashi sabadda albasa?"

Ya yi mini alkawarin kafa ƙaramin kwamiti da zai gano dalilin da ya sa albasarmu ba ta ba da haɗin kai ba.

Da na koma gida, matata Na'ima ta dubi buhun, ta dube ni, ta ce ko a miya ba za ta sa wannan ba. 

Yanzu haka da nake wannan rubutu famfon yana can yana aiki yadda ya dace. Mijinyawa ya riga ya tafi Dandin Mahe neman irin shinkafa. Na ce ya riƙo mini nawa, tun kafin manya su ji labari su rubuta wa na'urar bayanin shinkafa.