Furar da Akuya Ta Zubar

"Lafiya lau, mijin banza. Sai yanzu ka ga damar zuwa?"

Amsar da Falta ta ba jikanta Mudassir ke nan, tun bai gama durƙusawa ba. Tana zaune a kan tabarma cikin ɗakinta, ƙafafunta biyu naɗe da lalle cikin leda. Yau ƙanwarsa Nuriyya za ta yi karatu a musabaƙar Alƙur'ani a Kano, ana nunawa kai tsaye ta waya. Ciwon gwiwa ya hana tsohuwar shiga motar Kano, ga shi a bakinta yarinyar ta fara koyon Fatiha. Ta ce ita ba za a ba ta labari ba, gani ya kori ji.

"Daga gona nake, amarya. Ba ko ɗan fura?"

"Akuya ta zubar. Kunna mini abin nan, ba a fafe gora ranar tafiya."

Ya kunna. Wani alaramma ya bayyana, ya buɗe baki, ya tsaya cak. Wani ɗan zobe ya hau juyawa a kan hancinsa.

"Me ka yi wa bawan Allah?"

"Ke ya gani ya sandare."

"Ka dai sayo wayar matattu a bakin tasha."

"Wayata lafiyarta ƙalau. Rufin kwanon nan da kika dame mu sai an yi miki, shi ya tare sabis. Sai mun fita gindin rumbu, can yake kamawa."

Falta ta dubi ƙafafunta. "Da lallen? In taka ƙasa ya caɓe? Tun da uwarka ta haife ka ba ka taɓa kawo shawara mai amfani ba."

"To zauna. In Nuriyya ta dawo na ce mata kin zaɓi jan ƙafa."

Bai jira amsa ba, ya fita ya turo baron da yake kai taki gona, ya shimfiɗa buhu a ciki.

"Ni Falta, a baron taki?"

"Girman kai rawanin tsiya. Abin da ya fi ki nauyi ma na tura."

Ta zage shi, ta zagi baron, sannan ta miƙa masa hannu. Ya tura ta tsakar gida ƙafafu a sama, kaji suna watsewa. A gindin rumbu ya rage wa hoton kyau kaɗan don kada ya riƙa tsayawa, sai alaramma ya rufe bakinsa ya ci gaba da magana. Rana ta haske gilashin, Mudassir ya ja gefen mayafinta ya yi wa wayar inuwa.

"Yanzu ina gani. Amma me yake cewa? Murya kamar sauro a cikin tulu."

"Kunnenki ne ya yi ritaya."

"Kunnen da ya ji kukanka ranar suna har unguwa ta tashi?"

Gaskiyarta ne. Injin niƙan maƙwabta yana ruri, iska tana kaɗa ganyen dawa a bayan danga, sautin wayar bai kai ko'ina ba.

"Da za a sami babbar ƙwarya a sa wayar a ciki, da muryar ta fito," in ji shi. "Waccan taki ta gado."

A waya aka kira wata yarinya daga Shanono, aka ce bayanta sai Nuriyya.

"Ƙarƙashin gado," in ji Falta, ba ta dube shi ba. "An rufe da faifai."

Ya dawo riƙe da ƙwaryar da hannu biyu. Cike take da fura, nono yana yawo a sama.

"Ashe akuyar ta dawo da ita."

"Mai tsoron Allah ce, ba irinka ba. Sha ka ba ni ƙwaryata."

"Duka? Ai sai in fashe."

"Fashe bayan an gama karatu."

Ya kafa kai. Da ya ga ba za ta ƙare ba, ya juye sauran a kwanon sha, ya ɗauraye ƙwaryar, ya goge da gefen rigarsa, ya jingina wayar a ciki, ya ɗora mata a cinya. Muryar Nuriyya ta taso daga ƙwaryar, cikakkiya, ta danne injin niƙa. Falta ta sunkuya, leɓɓanta suna bin ayoyin. Mudassir ya buɗe baki zai yi magana, ta ɗaga masa yatsa ɗaya, ya mayar da bakinsa. Hoton bai tsaya ba har yarinyar ta kai aya ta ƙarshe.

Tsohuwar ta share ido da bakin mayafi, ta ce ƙura ce.

"Da tsohuwar zuma ake magani," in ji ta, tana shafa ƙwaryar.

"Da baron taki kuma ake kai ta."

Dariya ta ƙwace mata har baron ya girgiza. "Ka ci wannan, direba. Ɗauki sauran furar, ka mayar da ni ɗaki a hankali. In ka zubar da ni, ba akuyar da za ta dawo maka da ni."