Ƙwayar Buhun Masara a Akwatin Jikana

Har in koma ga Mahaliccina ba zan taɓa mantawa ba da wata safiyar Asabar a makarantar kwanan da jikana Abdulhadi yake karatu, can ɓangaren Makarfi.

Mafarin abin shi ne taron iyayen yara, inda shugaban makarantar ya sanar cewa za a riƙa shiga ɗakunan kwana ana bincika akwatuna. Na miƙe na yi doguwar magana a kan haramcin bin diddigin asirin Musulmi, na kawo hujja a kan hujja (a ranar, in faɗi gaskiya, muryata ta yi mini daɗi ƙwarai). Shugaban, wanda a zaurena na Hunkuyi ya yi karatun allo, ya russuna ya ce, "Allah gafarta Malam, to ka zo ka zama shaida. Duk inda muka ƙetare iyaka, ka tsawata mana."

Ranar Asabar ɗin na je tare da wasu iyayen, da rawanina da sandata, ina tafiya kamar alƙali. Aka buɗe akwatuna, ba komai sai ƙuli-ƙuli da garin kwaki da safa marasa wanki. Ina ta gyaran murya don a san na yi gaskiya. Da aka iso gadon Abdulhadi, ni da kaina na ce a buɗe, don kada a ce na yi son kai.

Shugaban ya ɗaga wata riga, ya ga ɗan gwangwani, sai fuskarsa ta sauya. Ya ce a fitar da sauran yara waje, a buɗe tagogi duka. Ƙwayar nan ce da muke jefawa cikin buhun masara don kada ƙwari su ci.

Ya dubi Abdulhadi ya ce, "Me za ka yi da wannan?"

"Kuɗin cizo ne suka dame mu," in ji yaron. "Yau za mu sa a ƙarƙashin katifu, mu rufe tagogi don ya kama su sosai."

Shugaban ya bayyana cewa ƙwayar, da zarar ta sha iska, hayaƙi take fitarwa, kuma ɗakin da aka rufe da ita masu barci a cikinsa ba lallai su farka ba. Ya ce wanda ya shigo da guba hukuncinsa kora ne, sai dai in ya faɗi wanda ya ba shi. Abdulhadi ya sunkuyar da kai, ya ƙi faɗa. Aka maimaita, bai ɗago ba.

Ni kuwa na san gwangwanin. Ni na ɗauko shi daga ɗakin hatsina lokacin hutu, da ya nuna mini cizon da ke bayansa, har na haɗa masa da addu'a. (A tunanina, abin da ya kashe ƙwaron masara ai ba zai bar na katifa ba.) Gumi ya jiƙa mini rawani. A gaban malamai da iyayen da suka saurari wa'azina na ce, "Ku ƙyale yaron. Ni ne."

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Shugaban ya ce a hankali, "Malam, Allah ne ya kawo ka yau." Ba a kori yaron ba, aka kuma sa masu feshi suka yi aikin yara suna aji.

Da zan tafi, ja'irin ya rako ni bakin ƙofa yana cewa, "Tsoho, ashe tare da mu ka so a yi maganin kuɗin cizon." Na ɗaga sanda, amma na fasa, sai na dafa kansa kawai.

Ina gode wa Allah da ya sayi rayukan yaran nan da 'yar kunyata, kuma ina yi wa shugaban addu'a bayan kowace salla. Yanzu duk wanda ya zo da tambayar tsarki ko gado, ina amsa masa gwargwadon sanina. Wanda kuwa ya zo da maganar magani, ko na sauro ne, sai in nuna masa hanyar asibiti.